Kafin ka saukar da sumo, ka tambayi rijiyar

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki a kamfanin da na daɗe ina haɗa wa mutane rijiyar burtsatse ta gida. Yaran da aka ɗauka kwanan nan, da wasu masu sayar da kaya da muka saba, sun matsa in bar musu wani abu a rubuce. Naɗa tef da ɗaure waya a jikin fayif a hannu ake koyonsu, ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba. Magana ɗaya ce ta fi damuna: yawancinmu abin da mai gida yake so muke tambaya, ba ma tambayar abin da rijiyar take iya bayarwa.

Ruwan da ke cikin ramin ba shi ne arzikin rijiya ba. Arzikinta yana cikin yashi da tsakuwa da tsagar dutsen da ke kewaye da ita, daga nan ruwan yake tsatsowa ta rariyar kesin, wato babban fayif ɗin da ake zurawa a ramin, kuma da nasa saurin yake zuwa, ba da naka ba. Idan rijiya ta huta, ruwa yakan tsaya a wani mataki. Da ka kunna sumo, wato injin da ake nutsarwa cikin rijiya ya turo ruwa sama, sai ruwan ya fara sauka, har ya kai inda abin da ke shigowa ya yi daidai da abin da ake ja. In bai samu wannan wurin ba, sauka zai yi ta yi har bakin sumon. Kesin mai inci 6 yana riƙe kusan lita 18 a kowace mita. Idan akwai mita 30 na ruwa a saman sumo, ka tara wajen lita 550 ke nan. To a ce rijiyar lita 20 take kawowa a minti, sumon kuma yana jan 60. Ko kwatan awa ba za a yi ba ajiyar ta ƙare. Amma a mintunan farko ruwa feshi zai yi kamar an fasa dam, kowa yana tafi.

Da waɗannan mintunan farkon ogana ya ci kasuwa.

Wani gida ne muka haƙa wa rijiya a ƙasa mai dutse. Tun ana busa ramin na ga ruwan ba shi da ƙarfi. Ka'ida ita ce a saka sumon gwaji, a ja ruwa na awanni ana auna saukarsa, a kashe a auna yadda yake dawowa. Oga ya ce babu kuɗin man janareto da za a zubar a kan wannan, kuma akwai sumo mai ƙarfin doki biyu da ya daɗe a sito yana cin ƙura, shi za a saka. Na ja shi gefe na ce, "Oga, rijiyar nan ba za ta ɗauke shi ba, a bari mu gwada ko na rabin yini ne." Ko kallona bai yi ba ya ce, "Kai ne mai kamfanin ko ni?" Ranar miƙa aiki aka kunna, ruwa ya yi tsalle, mai gida ya washe baki, oga da kansa ya miƙa hannu ya kashe makunni tun kafin rijiyar ta tona asiri.

Ba a jima ba aka kira mu, ruwa ya ɗauke. Da muka zaro sumon, warin kwayil ne ya fara tarar mu. Na kwance kan, farfelolin roba na ciki sun narke sun manne da juna, yashi ya cika tsakaninsu. Duk wanda ya yi wata shida a aikin nan ya san ma'anar haka. Ruwan da ke wucewa ta jikin injin shi ke sanyaya shi, shi ne kuma man farfelolin. In ya yi ta juyawa a bushe, kansa yake dafawa.

A gaban mai gida oga ya juyo ya ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, yaron nan ne bai iya haɗin waya ba, ruwa ya shiga." Na ɗauki wuƙa na tsaga haɗin a gabansu, cikinsa bushe ƙamas, ko ɗigo babu. Ya ce in bar musu da shi a gaban mutane. Ƙarshen wata na tarar an zaftare kuɗin sumon daga albashina. An bar jaki ana dukan taiki.

Aka sake saka irinsa, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Sai a lokacin, cikin sirri, ya aike ni da ƙaramin sumo da na'urar da ke yanke wuta idan ruwa ya ƙare, da makunnin da ke shawagi a cikin tanki. Gidan nan har yau ba su sake kira ba. Mutane suna raina rijiya mai ƙaramin ƙarfi, alhali wadda ke kawo lita 5 kacal a minti, in aka bi ta a hankali dare da rana, lita 7,200 ce a kwana ɗaya. Babban tankin ajiya take buƙata da haƙuri, ba babban inji ba. Kuɗina dai ba a mayar ba, "yi haƙuri" ma ban ji ba. Daga baya har ji na yi yana ba wani kwastoma labarin yadda ya gano matsalar gidan da basirarsa.

Ku masu sayar da kaya, a nan kuna da hannu. Wanda ya sayar da sumon ya ƙi karɓarsa da sunan garanti, kuma da gaskiyarsa. Amma da ya yi tambaya tun ranar ciniki, da an huta. Duk wanda ya shigo ya ce "ba ni mai doki ɗaya", bai gaya maka komai ba. Sumo biyu suna iya zama doki ɗaya ɗaya, wannan yana tura ruwa kaɗan zuwa sama sosai, wancan yana tura mai yawa amma ba ya hawa. Ka tambaye shi inda ruwa yake tsayawa lokacin da ake ja, da lita nawa rijiyar take bayarwa, da tsayin da za a kai ruwan. Kowace mita 10 ta hawa kusan "bar" ɗaya take ci a ma'aunin matsi, ga abin da tsawon fayif da lanƙwasa ke cinyewa. Takardar nan mai zane da ke cikin kwali, wadda ake yarwa tare da leda, ita ce ke nuna abin da sumon zai iya a kowane zurfi.

Abu na biyu da ke kashe sumo shi ne tankin matsi, wato wanda iskar cikinsa ke tura ruwa zuwa famfo, a gidajen da ke aiki da shi maimakon tankin sama. Makunninsa yawanci 30 da 50 ne a geji, a ma'aunin matsi na psi, ko 40 da 60: ya kunna a na ƙasa, ya kashe a na sama. Iskar da ke cikin tankin ta zama ƙasa da lambar kunnawa da 2, wato 28 ko 38, kuma sai an kashe wuta an zubar da ruwan tankin kaf ake aunawa. Sau da yawa na ga an auna da ruwa a ciki an tafi ana murna. Idan jakar robar ciki ta fashe, za ka ji makunni yana ƙas-ƙas duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, kowane tashi kuwa zafi ne ga injin. Danna bakin iskar, in ruwa ya fito, magana ta ƙare. A zaɓi tankin da zai bar sumo ya yi aƙalla minti guda yana aiki kafin ya tsaya, a kuma tuna cewa ruwan da tanki yake bayarwa tsakanin kunnawa da kashewa bai fi kashi ɗaya cikin uku na girmansa ba.

Sauran a taƙaice. Injin da ke zaune a sama ba ya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, ko me mai shago ya rantse maka. Siririyar waya a doguwar tafiya tana rage wuta, injin ya yi ta zafi. In geji yana sauka alhali babu famfon da ke buɗe, bawul ɗin da ke hana ruwa komawa ne ko fayif ya tsage, kada ka taɓa sumon tukuna. Simintin da ake zubawa a kewayen kesin daga sama shi ke hana ruwan kwata bin jikinsa ya gangara, kuma shi ake fara sacewa don ba mai gani. A nisanta rijiya da tankin masai, aƙalla mita 15, ramin da ƙazantar ke tsanewa kuma a ninka. Ruwa garau yana iya ɗauke da cuta, don haka a gaya wa mai gida ya kai gwaji duk shekara, musamman na ƙwayoyin cuta da sinadarin naitiret, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa iyakar miligiram 50 a lita saboda jarirai. Duk sanda aka zaro sumo aka shimfiɗa fayif a ƙasa, a wanke rijiyar da kulorin kafin a bar mutane su sha.

Kowace rijiya a yi mata takarda: zurfinta, inda rariya take, matakin ruwa a hutu da lokacin ja, lita nawa a minti, zurfin da aka rataye sumo da lambarsa. In ba a yi gwaji ba, a rubuta ba a yi ba. In kuma ba kai ka zaɓi sumon ba, ka rubuta wanda ya zaɓa da kwanan wata, ka ba mai gida kwafi, ka ajiye ɗaya a gidanka, ba a ofis ba.