Asabar, ranar farko ta maganin Auta

Yamai, unguwar Bukoki.

Likita ta ce mu fara a ranar da babu lakwal, don in sa masa ido da kaina. Ƙarfe 8, bayan ya gama da biredi da shayi, na ba Auta rabin ƙwayar metilfenidat, miligiram 5. Shekararsa 8, yana aji CE1, kuma tun yana CI mushe, wato malaminsu, ke aiko mini da saƙo iri ɗaya: ba ya zama, ba ya ƙarasa kwafar abin da ke allo. TDAH aka rubuta a takardarsa, wato matsalar rashin mai da hankali da yawan rawar kai.

Hajiya na kan tabarma tana kallona. Ta ce, "Yaron da ƙiriniya ta yi wa yawa za ki ƙara wa kuzari? Ba ɗan'uwan tramol ɗin ƴan kabu-kabu ba ne?" Na ce a'a Hajiya, ba danginsu ɗaya ba, ko da yake shi ma ba a sayar da shi sai da takardar likita. Na maimaita mata abin da aka faɗa mini: yana sa sinadaran dopamin da noradrenalin, masu kai saƙo, su daɗe suna aiki tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wato birki yake ƙara wa ƙarfi. Tun 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya lura irin wannan magani yana natsar da yara masu rawar kai. Ta ce to, Allah ya sa a dace da mijin nata.

Wajen tara saura na ajiye masa ardwaz da alli. Akuyar maƙwabta ta shigo, ta nufi kwandon albasa. Da jiya ne, da an yi tsere har bakin titi. Yau ya ɗaga kai, ya ce "Mama, akuya," ya koma kan aikinsa. Ni ce na tashi korar ta, idona cike da hawaye.

Minti ashirin ya yi a zaune. Amma 52 a cire 17, sai ya rubuta 45, ya goge da yawu, ya sake rubuta 45. Aron goma bai shiga ba tukuna. Bambancin kawai, da na jera masa duwatsu ina nuna masa, ya tsaya har na kai ƙarshen maganata.

Da rana shinkafa da wake, wadda yake faɗa a kanta, cokali uku ya yi ya ture. An gargaɗe ni kan haka, da kan barci, shi ya sa na rubuta kilo 24 a kaye don awo na gaba. Kafin azahar maganin ya sake shi, dama awa uku zuwa huɗu yake yi. Ya yi kuka kan ƙwallo kamar an yanka shi.

Bayan magariba ya ci dambu har da ƙari. Hajiya ce ta zuba masa na biyun, ba ta ce mini komai ba. Yanzu goma ta wuce, ina jin shi cikin gidan sauro yana ƙirga duwatsun da ya ɓoye a aljihu.