Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Daren da Na Yi Gadin Kwalba

A makon jiya na tsaya a inda aka sallame ni daga asibiti bayan azumin 2023, da alƙawarin da na ɗaukar wa Kawu a ƙofar masallacinmu na Agege. Wata takwas na yi ban ɗanɗana giya ba. Har na fara yi wa kaina kirari, sai ga Disamba.

Wanda bai zauna Legas ba ba zai gane Disambarta ba. Tun farkon wata mazauna Ingila da Amurka suke sauka a filin jirgin Ikeja da aljihu cike, samari kuma sun raɗa wa watan suna Detty December. Yau ɗaurin aure, gobe casu a bakin teku, jibi walimar ofis. Maigidana a Lekki yake, ba ya ƙin gayya, ni kuwa direbansa ne tun da Gwamna Sanwo-Olu ya hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida ranar 1 ga Yuni, 2022, na jingine babur.

Mutane na zaton cikin ɗakin casu fitinar take. Ni ina ruwana da ciki? Ba a ma barin direba ya shiga. Fitinata jira ce. Ka ajiye maigida ƙarfe goma na dare, ba za ka sake ganinsa ba sai huɗu na asuba. Awa shida kana zaune a mota, sauro na cinka, 'yan uwanka direbobi sun yi da'ira a bayan wata jif, 'yan ledojin giya na zagayawa daga hannu zuwa hannu.

Da irin wannan zaman na fara, a tashar acaɓa, shekarar 2012. Wata mata ce ke zuwa da tire cike da kwalabe, saiwoyi da ɓawon itace jiƙe a cikin giyar ogogoro, abin da Yarbawa ke kira paraga. Aka ce min maganin ciwon baya ne da basir. Na kuwa riƙe wannan kalma ta magani shekara da shekaru, ina sha ina cewa ni ba mashayi ba ne. Daga paraga na koma 'yar leda, wadda ke shigewa aljihun riga ba mai gani. Shi ya sa da hukumar NAFDAC ta sanar da hana giyar leda da ƙananan kwalabe a Fabrairun 2024, ban ji tausayin kowa ba.

Mu koma daren 24 ga wata. Kafin mu fita, Madam ta nuna min wani kwando naɗe da leda mai ƙyalli ta ce, "Malam, naka ne, na Kirsimeti." Na yi godiya na sa a but. Sai da na ajiye su a Victoria Island na buɗe in ga rabona. Shinkafa, man gyaɗa, madara, biskit. A tsakiya kuma, tsaye kamar sarki cikin fadawa, doguwar kwalba mai duhu, wuyanta naɗe da takardar zinare.

Ba da mugunta ta yi ba. Irin kwandon nan a haɗe ake sayensa, kuma a wurinta ai Malam ba ya sha. Kowa a Legas haka ya ɗauka, Bahaushe da shayi aka san shi. Wannan kyakkyawan zaton ne ma ke ƙarasa namu, domin wanda ya faɗa ciki ba ya iya buɗe baki ya ce a taimake ni. Sai ya sha a ɓoye, ya tauna citta da kanumfari, ya shiga sahu.

Na rufe but. Na zauna. Na tashi na sake buɗewa, wai in gyara zaman kwandon. Yawu ya cika min baki, tafin hannuna ya jiƙe. Abin mamaki, ban taɓa shan irin wannan mai tsadar ba, amma zuciya ta riƙa cewa ai wannan ruwan inabi ne kawai, ba irin ta tasha ba ce. Tsohuwar ƙaryar nan ta magani ce ta canja riga.

Likitan da ya duba ni ya taɓa gaya min abu biyu. Na farko, wanda ya daɗe yana sha da yawa kada ya yanke shi kaɗai a ɗaki, domin kwana biyu zuwa uku na farko suna zuwa da rawar jiki da gumi, wani har farfaɗiya. Wannan na wuce shi a gadon asibiti. Na biyu, kwaɗayin ba ya zama, tasowa yake ya kai ƙololuwa ya faɗa, in dai ka samu abin da zai riƙe ka na ɗan lokaci. Ƙarfe ɗaya saura na kira Kawu. Mutumin da ke sammakon zuwa mayankar Oko-Oba, amma bugu biyu ya ɗauka.

"Kawu, ina tare da ita."

"Ita wa?"

"Kwalba."

Ya yi shiru. "Ka buɗe?"

"A'a."

"To ɗana, kulle motar nan ka yi nesa da ita. Akwai ruwa kusa? Yi alwala. Kada ka kashe wayar."

Bai yi min wa'azi ba, ya san na haddace ayar Ma'ida tun ina allo kuma ba ta hana ni ba a lokacin. Labarin wani bijimi da ya kufce musu ya bi titi ya riƙa ba ni, har na tsinci kaina ina dariya a gefen kwata. Daga nan na gangara wurin wani mai shayi ɗan Nijar a bakin layi, na sha kofi uku, na ci Indomie da ƙwai ba don yunwa ba. Wani dattijon direba Bayarabe, da muke ce wa Baba, ya zo ya zauna kusa da ni. Ya dubi makullin da nake ta juyawa a hannu, ya miƙo tafinsa. Na ba shi. Ya zura a aljihu bai tambaye ni komai ba, kuma bai dawo min da shi ba sai da ya hango maigida na fitowa.

Da safe na kai wa maigida kwalbar har falo, na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ta fi ƙarfina." Ya yi dariya, sannan ya dubi fuskata ya daina. Da yamma mai gadi ya kawo min katan ɗin Maltina.

Sai dai saura daren 31, kuma a wannan karon Kawu ya tafi Funtua jana'iza, wayarsa ba ta shiga. Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.