Portrush: gasar da McIlroy ya cika fili, Scheffler ya ɗauke kofi

Masauki a Portrush, a Ireland ta Arewa, a makon gasar golf ta The Open ta 2025 ba na talaka ba ne, don haka a Belfast na sauka, kullum da sassafe in bi jirgin ƙasa ta Coleraine. Jirgin cike yake maƙil, kuma suna ɗaya ne a bakin kowa: Rory McIlroy. Ɗan gida ne, mutumin Holywood da ke kusa da Belfast, ga shi a watan Afrilu ya ci Masters, ya haɗa manyan kofuna huɗu na wasan golf gaba ɗaya. Mutanen Ireland ta Arewa sun zo ganin ɗansu ya ƙure Scottie Scheffler, Ba'amurken da ke riƙe da matsayi na ɗaya a duniya tun Mayun 2023.

Ranar Juma'a ruwa ya tsuge, wani dattijo ɗan yankin ya jawo ni ƙarƙashin lemarsa, ya zuba min shayi daga filas ɗinsa ba tare da ya tambayi ko ni wane ne ba. Shi ya ba ni labarin yadda Rory, yana ɗan shekara 16, ya gama wannan fili da bugu 61 kacal (a golf mai ƙarancin bugu ne ke ci), da yadda a 2019 ya yi bugu takwas a ramin farko, aka fitar da shi tun kafin ƙarshen mako. Yana faɗa idonsa na kawo ruwa. Shayin nan ya yi min rana, don na rumfunan cikin fili tsadarsa ta wuce hankali. A gida ba za ka sayar wa baƙo ruwan zafi a wannan kuɗi ka kwana lafiya da maƙwabta ba.

Wani mai tsaron igiya kuwa bai da ladabi ko kaɗan. Da allon nan na neman a yi shiru ya riƙa tunkuɗa mutane, har da wata tsohuwa mai sanda. Abin ya ɓata min rai ƙwarai.

Asabar ce ranar da ba zan manta ba. A rami na 12 McIlroy ya gangaro da ƙwallo daga nesa, ta yi ta tafiya kamar ba za ta kai ba, sai ga ta ta faɗa. Ihun da ya tashi sai da na ji shi a ƙirjina. Na bar wajen na koma bin Scheffler, na tarar ko a jikinsa. Ba ya ɗaga kai, ba ya gaggawa, ya auna, ya buga, ya wuce. Da farko na ɗauka rashin armashi ne, amma da na bi shi ramuka da dama sai ya burge ni matuƙa. A ganina a nan ratar take: Rory na iya yin abin al'ajabi a rami ɗaya, shi kuwa wannan ba ya ba ka kuskuren da za ka kamo shi da shi.

Lahadi 20 ga Yuli ba a sha wata gumurzu ba. Ko da Scheffler ya yi tuntuɓe a rami na takwas, nan take ya farfaɗo, ya ci da ratar bugu huɗu a kan Harris English, ya tafi da dala miliyan 3.1. McIlroy ya ƙare a sahun na bakwai, bugu bakwai a baya, amma an tafa masa kamar shi ya ci.

Washegari na leƙa Giant's Causeway, shahararrun duwatsun nan na bakin teku, a gurguje, na wuce filin jirgi. Gasar 2026 a Royal Birkdale aka sa ta, a Ingila, kuma in Allah Ya yarda zan nemi tikiti da wuri.