Asabar cikin hunturu: kwamfutar gida ta ƙi kawo hoto

Sanyin Jos na bana ba sauƙi. Bayan Asuba na koma cikin bargo da niyyar rama barcin mako, sai ga 'yata a bakin ƙofa. "Abba, ku zo ku gani, kwamfutar ta tashi amma allon baƙi ƙirin." JAMB take shirin rubutawa, kuma tun 2015 a kwamfuta ake yin jarrabawar gaba ɗaya, shi ya sa kullum da safe, kafin a ɗauke wuta, takan zauna ta yi gwajin tsofaffin tambayoyi don hannunta ya saba. Yaron da ya san karatunsa amma bai saba da na'ura ba, lokaci ne ke cinye shi a ɗakin jarrabawa. Na tashi.

Na danna maɓalli. Fanka na juyawa, koriyar fitilar gaba ta kama. Monita ya rubuta cewa babu sigina, ya ɗan jira, fitilarsa ta koma ruwan lemo, ya yi duhu. Wannan rubutun ya ɗan kwantar min da hankali, domin allon da ya iya rubuta ƙorafinsa lafiyarsa lau, abin da zai nuna ne ba ya isowa gare shi.

Maman yara ta leƙo daga kicin, fuskarta duk ta canza. A cikin kwamfutar take ajiye lissafin shagonta na atamfa da jerin masu zubin adashi, ga hotunan marigayi mahaifinta na aikin Hajji da babu su a ko'ina. "Malam, ke nan duk sun tafi?" Na ce mata in sha Allahu babu abin da ya tafi. Abin da aka ajiye yana kan faifan ajiya, baƙin allo ba ya taɓa shi. Ko da kwamfutar ta mutu murus, ana cire faifan a haɗa shi da wata a kwashe komai.

Na fara da abin da ba ya cin kuɗi. Wayar VGA, mai shuɗin kan nan da ƙananan allurai 15, na kwance na duba ko wata ta lanƙwashe, na mayar na ɗaure sukurorinta. Shiru. Muka ɗauko talabijin na falo muka haɗa da wayar HDMI, shi ma baƙi. Sai na danna Caps Lock a kibod ina kallon 'yar fitilarsa, ko motsi. Daga nan na san matsalar a cikin akwatin take. Duk kwamfuta idan aka kunna ta, kafin ta je ga Windows sai ta fara binciken kanta, ta duba furosesa (ƙwaƙwalwarta) da ram (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da take kai) da ɓangaren hoto. Tamu a wannan binciken ta maƙale. Juyawar fanka kuwa wuta kawai take nunawa ta shiga.

Ana cikin haka maƙwabcina ya shigo gaisuwa, ya ga abin da ake ciki. "Malam, kai ta kawai a yi mata fomat." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma maganar ta tsaya min a rai, don na san gidaje da yawa sun rasa takardu da hotuna ta wannan hanyar. Na'urar da ba ta ko kai ga Windows ba, me fomat zai yi mata banda share abin da ake tsoron rasawa? Haka wasu masu gyara, kafin su kwance sukuru ɗaya sun ce madabod, wato babban faranti na ciki da komai ke haɗe a jikinsa, ya ƙone. Yana ƙonewa, ba ƙarya ba ne, musamman yadda wuta ke dawowa da ƙarfi a wasu lokuta. Amma shi ya kamata ya zo ƙarshe a zargi.

Na kira ƙanina da ke Abuja, shi aikinsa ke nan. Tambayarsa ta farko: "Yaya, tana yin ƙara idan ka kunna?" Na ce shiru take. Ya ce in zare wayar wuta daga bango, in danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa talatin don sauran wutar ciki ta fita, sannan kafin in taɓa komai in dafa ƙarfen akwatin. Ya nanata wannan. Iskar hunturu busasshiya ce, jiki na tara wutar nan da ke tsirga wa mutum idan ya taɓa hannun ƙofa ko ya yaye bargo cikin duhu, kuma ɗan wannan ya isa ya kashe ram. Ya kuma ce kada in kuskura in buɗe akwatin pawa, wato ƙaramin akwatin ciki da ke raba wa kwamfutar wuta, domin yana riƙe wuta ko bayan an zare shi.

Da na cire murfin gefe sai da 'yata ta yi salati. Jar ƙura ta kwanta a kan komai kamar an barbaɗa yaji, ta toshe haƙoran ƙarfen da ke sanyaya furosesa. Muka fitar da ita tsakar gida, na bi ta da busasshen buroshin fenti a hankali. Ban hura da baki ba, saboda damshi.

Ram biyu ne a ciki, samfurin DDR3, kowanne 4GB. Ƙanina ya ce in cire su duka in kunna haka nan. Na yi mamaki, amma na bi. Ai kuwa sai ta fara ƙara, tit, tit, tit. Ya yi dariya a waya: "Alhamdulillahi, Yaya, madabod ɗinka na da rai. Ya nemi ram bai gani ba, shi ne yake kuka." Ban taɓa jin daɗin ƙarar na'ura irin na yau ba.

Na karɓi kilinan 'yata na goge haƙoran zinaren nan na gindin ram ɗin a hankali, gaba da baya, na kakkaɓe. Na sa guda ɗaya kaɗai, na danna har maƙallan gefe biyu suka ce ƙas. Na kunna. Rubutu ya bayyana a allo! Maman yara da ke tsaye da ludayi a hannu ta yi hamdala da ƙarfi. Na kashe, na cire wannan na sa ɗayan a ramin nan dai, allo ya koma baƙi. Na gwada shi a ɗaya ramin, haka. To, an kama mai laifi: ram ɗaya ne ya mutu, ya hana ɗan'uwansa aiki.

Sai kuma ta nemi a danna F1, kwanan watanta ya koma shekaru baya. Dama mun daɗe muna ganin agogonta na rikicewa duk sanda aka ɗauke wuta. Ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo a jikin madabod, CR2032, mai volt 3, shi ke riƙe lokaci da saiti. Idan kwanan wata ya kauce, shafukan intanet da yawa ƙin buɗewa suke yi, mai shirin jarrabawa kuwa ba ta buƙatar wannan ciwon kan.

Bayan Azahar na hau keke Napep zuwa Terminus, da mataccen ram ɗin a aljihu cikin takarda. Tun da babbar kasuwa ta ƙone a 2002 'yan kasuwa suka bazu a titunan kewaye, sai mutum ya yi ta kutsawa. Batirin ban sha wahala ba, masu agogo ma na sayarwa. Ram ne ya ɗauki lokaci. Wani yaro ya miƙo min DDR4 yana cewa ai ya fi sabo, na ɗora nawa a kai na nuna masa tsagar gindinsu ba wuri ɗaya take ba, ba zai ma shiga ramin ba. A wani shago a titin Ahmadu Bello na samu DDR3 na hannu, mai shagon ya sa shi a tasa kwamfutar ya kunna a gabana kafin in biya. Na ƙara da filasha mai 32GB.

Kafin Magariba na haɗa komai, na gyara kwanan wata, ta nuna 8GB cif. Na hana kowa taɓa ta sai da na kwashe lissafin shago da hotunan Hajji zuwa filasha, na ba maman yara ta sa a akwatin takardun gida. 'Yata ta samu ta yi gwajin Kimiyyar Halittu bayan Isha'i. Akwatin kwamfutar kuma mun ɗauke shi daga ƙasa, inda yake shaƙar ƙurar shara, mun ɗora a kan tebur nesa da taga. Maman yara ta ce ranar Litinin za ta ba tela ragowar yadi ya ɗinka masa murfi.