Godiya Bayan Kammala Faifan Girka FreeDOS a Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, zaman haɗa manhajar girka FreeDOS (tsarin gudanar da kwamfuta na kyauta, irin na DOS) a kan tsofaffin kwamfutoci ya ƙare lafiya, an kuma samu injinan sun hau intanet. Muna miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu.

Za mu fara da iyayenmu masu gyaran kwamfuta na cikin kasuwa, da suka zaƙulo mana injinan 486 da Pentium, da katinan sadarwa na NE2000 da RTL8139, ba su karɓi ko sisi ba. Alhajin da ya ba mu shago da janareta, Allah ya ƙara buɗi.

Malaminmu da ya taso daga Argungu shi ya tsara manhajar girkawar, kuma tsarin nasa ya yi la'akari da halin wutarmu. Umarnin FDISK na raba faifan ajiya na kwamfuta kashi-kashi, sai an sake kunna injin kafin harafin C: (sunan kashin farko) ya bayyana, don DOS a lokacin tashi yake raba haruffa. Saboda haka manhajar kan duba ko C: na nan, ta ɗora daga inda ta tsaya. Duk kunshin da ta gama kwafa sai ta rubuta sunansa a wani ɗan fayil, umarnin SYS C: kuwa, mai sa injin ya iya tashi daga C:, sai a ƙarshe. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, a mayar da filofi, ba sai an koma farko ba. Kafin FORMAT ma, umarnin da ke share faifai, sai mutum ya rubuta GOGE da hannunsa. Taɓa maɓalli ɗaya bai isa a share wa mutum kayansa ba. Wannan kaɗai ya cancanci godiya ta musamman. Malamin ne kuma ya ja kunnenmu cewa tsohon BIOS, manhajar da ke tayar da injin, ba ya ganin abin da ya haura 504MB na faifai, FAT16 kuma, tsarin ajiye fayiloli, iyakarsa 2GB.

Ƙannenmu ɗalibai daga Jega da Yauri su suka sha fama da sadarwa. DOS bai zo da TCP/IP ba, wato ƙa'idojin sadarwar intanet, sai an loda direban katin (manhajar da ke tafiyar da shi) a lamba 0x60, a rubuta PACKETINT 0x60 a fayil ɗin mTCP (manhajojin sadarwa na DOS), a nuna wurin fayil ɗin da MTCPCFG, sannan a kira DHCP, mai roƙo wa injin adireshin sadarwa. Wani NE2000 ya loda lafiya, har ya nuna lambar MAC, wato lambar shaidarsa, amma DHCP ya yi ta jira shiru. Ɗaliban suka gano katin na kan IRQ 3 ne (layin da na'ura ke kiran injin da shi), wanda mahaɗar COM2 ke amfani da shi: katin na aika saƙo, amsa ce ba ta iso wa direban. Da aka mayar da shi IRQ 10, a katin da kuma wajen loda direba, nan take rauta, na'urar raba intanet, ta ba da adireshi. Allah ya yi muku albarka.

HTGET, manhajar sauke fayil ta mTCP, ba ya buɗe shafuka masu tsaro na HTTPS, don haka mun gode wa 'yar'uwarmu da ta mai da laftof ɗinta sabar FTP (ma'ajiyar da ake ɗauko fayiloli ta hanyar sadarwa), daga nan aka riƙa jawo kunshin.

Injinan da batirin agogonsu na CR2032 ya mutu, an sa musu TZ=WAT-1 (lokacin Najeriya) da SNTP -set (mai ɗauko lokaci daga intanet) a FDAUTO.BAT, fayil ɗin da FreeDOS ke bi idan ya tashi, agogo na daidaita da zarar sun tashi. Saura direban katin 3C509 da ba a gwada ba tukuna. Mai irinsa a ajiye, don Allah ya ara mana. Allah ya saka wa kowa da alheri.