Inda na kai da teburin karatu: tsage katako a injin zarto

Salamu alaikum 'yan'uwa masu koyon kafinta. Teburin karatun da nake haɗawa ya kai matakin tsage katako, kuma a makon nan maigidanmu ya bar ni na tsaya gaban injin zarto da kaina. Madaci na sayo a Sabon Gari don ƙafafu, malaina kuma don saman teburin. Madacin bai ba ni wahala ba. Malainar ce da sauran danshi, ita ta sa na gane yadda injin nan ke cin yatsun mutane.

Faifan zarto mai inci 10 yana juyawa sau 3,000 zuwa 4,000 a minti guda. Ba wanda ke kai hannu kan wannan da gangan, katako ne ke jan hannun. Haƙoran da ke bayan faifai sama suke tasowa, suna nufo mai aiki. Ɗanyen katako kuwa yana tsagewa yana sake haɗe baki, sai ya matse faifan. Nan take haƙoran baya su cafke shi su wurgo, hannun da ke danne da shi ya zarce kan haƙora. Haka ma in katako ya kauce daga jikin ƙarfen da ke daidaita faɗi. Maganin abin wani siririn ƙarfe ne da ke tsaye daf da bayan faifai, yana hana tsagin rufewa. Injinan da ake haɗawa a wajen masu walda ba kasafai suke da shi ba, wasu kuma su cire murfin faifai wai yana tare musu gani. A ganina wannan ganganci ne, ko da mutum ya shekara talatin a sana'ar.

Na yanko sandar turawa daga guntun filawud, da ɗan dunduniya a ƙarshenta mai kama gindin katako. Da zarar hannuna ya zo inci 6 daga faifai, ita ke ƙarasa aikin. Faifan ma ba na ɗaga shi sama da kaurin katakon sai da ɗan kaɗan, kuma a gefe nake tsayawa, ba saitin haƙora ba. Kaftani mai dogon hannu, agogo, zobe, duk a cire. Safar hannu ma haɗari ce, haƙori ɗaya ya kama zare ya ja yatsa.

Sai matsalar da ta fi shafarmu a nan Zariya: ɗauke wuta. Inji ya yi shiru, mutum ya manta makunni a kunne, ya sa hannu yana kwashe guntaye, sai a kawo wuta ko yaro ya tada janareta. Yanzu ana ɗaukewa makunni nake fara kashewa, in zan canja faifai kuma sai na zare waya daga soket.

A Amurka akwai injin SawStop da wani mai suna Steve Gass ya ƙirƙiro a 1999, wanda ke tsayar da faifai cikin kashi 5 bisa 1,000 na daƙiƙa idan ya taɓa fata. Yana da tsada, kuma jiƙaƙƙen katako irin malainata kan iya sa birkinsa ya kama a banza.

In tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, a danne ciwon da tsumma mai tsabta a ɗaga hannun sama. Guntun yatsa a naɗe shi da ƙyalle mai ɗan danshi, a ƙulle a leda, sannan a ɗora ledar kan ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar. A wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ba ɓata lokaci.

Sauran malainar na jera ta a inuwa da tsinkayen katako a tsakani don iska ta ratsa. Kafin ta bushe zan fafe ramukan ƙafafun madacin da kurfi.