Asubar Jos da tsohuwar 911

Mun baro Kano bayan la'asar a tsakiyar Janairu, da lodin wake a tsohuwar Mercedes 911, muka bi ta Zariya da Pambeguwa da Saminaka. Ko tari motar ba ta yi ba har muka hau tudun Jos, muka kwana a Farin Gada. Garin yana kan tudu mai kusan mita 1,200, kuma sanyin asubarsa a hunturu yakan sauko wajen digiri 10.

Da aka idar da salla direba ya murɗa makulli. Kik ya ja da ƙyar, sau biyu, ya yi shiru. Yaron mota ya ce, "Oga, gas ne ya daskare." Ba haka ba ne. Gas ba ya kauri har ya toshe filta sai sanyi ya kai kusan sifiri. Injin dizal ba shi da fulogi, zafin iskar da fistin ya matse ne ke kunna man. In ƙarfe ya kwana cikin sanyi sai ya shanye zafin nan, baƙin mai ya yi nauyi, batir ya rage ƙarfi. Duk wata lalurar da motar ke ɓoyewa da rana, a nan take fitowa.

Da batir muka fara. Biyu ne a jere, volt 24. Mita ta nuna 12.5 a ɗaya, 11.9 a ɗayan, alhali cikakke 12.6 yake nunawa. Kan mai raunin duk farin gari ya cinye shi. Muka karɓi ruwan zafi wurin mai shayi muka wanke, muka goge da sanfefa, muka aro batir daga wata mota. Kik ya ɗau gudu. Daƙiƙa 10 kawai ake ba shi, a bar shi ya huta minti guda, in ba haka ba ya ƙone.

Na sa yaron ya tsaya kusa da salansa ya faɗi abin da ya gani. "Ba hayaƙi ko kaɗan." To mai ba ya isa silinda ke nan. Muka bi tiyo tun daga tanki da tocila, sai ga bakinsa ya tsage wajen famfon da ke jawo mai, ya jiƙe. Ta nan iska ta shiga cikin dare, man ya koma tanki. Muka yanke kamar yatsa biyu, muka ɗaure da sabon kilif. A gindin filta kuma muka zubar da ruwa kusan rabin kofin shayi. Sannan aka sassauta noti na fitar da iska a kan filta, aka yi ta danna famfon hannu har kumfa ta ƙare, gas ya fito tas. Muka sassauta bututun nozul biyu da sifana 17, aka ba da kik har suka fara feshi, aka ɗaure. Kada a kai yatsa wurin, ƙarfin feshin yana huda fata.

Yanzu sai farin hayaƙi mai yaji a ido: mai ya iso, zafi ne bai isa ba. Wani direba ya ce a jiƙa tsumma da fetur a kanga a bakin shaƙar iska, wani ya ce a hura wuta ƙarƙashin injin. Na ƙi duka biyun. Fetur yana kamawa kafin lokaci ya karya ringi, wuta kuwa ga tiyon gas nan a kusa, ga buhuna a sama. Muka rage ruwan lagireto, muka cika da ruwan zafi jarka guda, muka jira minti 10. Direba ya take kuloci don ya sauke wa kik nauyin giya, ya ba da rabin totur. Ta kama tana karkarwa, can ta daidaita a silinda shida.

Tana aiki na buɗe murfin zuba baƙin mai, sai ga huci yana bugun tafin hannuna. Ringi sun fara ci, shi ya sa matsin bai kai ba. Man da ke ciki kuma lamba 40 ne zalla, mai kauri. Ga motar da ke kwana a Filato mai lamba 15W-40, wanda sanyi ba ya sa shi kauri sosai, ya fi dacewa. Muka jira iskar birki ta cika, aka cire weji, muka nufi Bukuru wajen ƙarfe takwas, hazo bai gama dagawa ba.